Ƙamshin Adakar Iya

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Iya Habsu ta Matankari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ɗiya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da sanyi da haske. Ni ce Hamsatu, babbar ɗiyarki, wadda kike kira 'Yar Lakwal, wato 'yar makarantar boko, in na ba ki haushi.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke ƙanwata Rakiya ta sauka. Namiji ne. A kowane gida wannan labari guɗa ake yi masa, amma kin san gidanmu, mu shiru muke yi mu dubi juna. Ba a yi suna ba tukuna, ga mu kuwa a asibiti a Dogon Dutsi, ni a kan benci a baranda, jaririn a ciki. Zan gaya miki yadda aka yi muka zo nan, sai dai ki yi haƙuri in faro daga baya, don akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita ban san da wane baki zan faɗa miki ba. Na san idanu da yawa za su bi wasiƙar nan a shafina na intanet. Su bi. Wataƙila a cikinsu akwai mai adaka irin taki a ƙuryar ɗaki.

Kin tuna adakar, ai ba kya mantawa. Koriya ce ta ƙarfe, an zana mata furanni a murfi, kin ɗora ta kan duwatsu don gara. A ciki zanen saƙi ne baƙi da fari wanda kakarmu ta bar miki, da sauran kayanki na fita biki. In kika buɗe ta, ƙamshin kafur sai ya cika ɗakin har tsakar gida. Ni dai tun ina ƙarama ban san kafur da wani suna ba sai ƙamshin Iya. Wata rana na ɗauki ƙwaya ɗaya na kai baki, na zaci alewa ce don farinta, kika ɗauke ni da mari kafin harshena ya taɓa. Har gobe in na tuna, kuncina na hagu yana gaishe ki.

Maza uku kika binne ba a raɗa musu suna ba. Biyu ban san su ba, labari na ji. Na ukun kuwa na gan shi da idona, lokacin na isa ɗaukar tulu ƙarami. An haife shi kakkaura, jawur, yana tsotso kamar zai cinye ki. Kika buɗe adaka kika naɗe shi cikin saƙin, kika daka kafur kika barbaɗa a shimfiɗarsa. Kafin a fara shirin suna, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ya daina tsotso. Daga nan ya fara wani kuka siriri mai tsini wanda ban taɓa jin irinsa ba, yana banƙarewa, ƙeyarsa na neman taɓa bayansa.

Matan unguwa suka taru a bakin ƙofa, ba wadda ta shiga. Na ji ɗaya tana cewa doguwa ce ke murɗe shi. Da aka fita da shi a ɗan ƙyallen fari, ba ki yi kuka ba. Kika wanke saƙin, kika shanya, kika ninke, kika aiki yaron maƙwabta kasuwa ya ƙaro miki kafur.

Kowa a Matankari ya san labarin. Ana cewa doguwa ce ke bin matan zuriyarmu tun daga kaka, ba ta taɓa ɗiya mace, maza take ɗauka. Mai wabi suke ce miki a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. Wata tsohuwa mai bori ta taɓa gaya wa kaka maganin abin, ke kuma kika gada tare da zanen. Kullum kina faɗa mana: "Doguwa ba ta son warin kahur, in ta shaƙa sai ta juya." Duk yaron da ya tafi, sai ki ce kafur ɗin ne ya yi kaɗan.

Abarshi kaɗai ya tsira, kin kuma san yadda aka haife shi. Kun tafi gonar Baba a Dogon Kiriya da damina, naƙuda ta zo miki kafin lokacin da kika ƙiyasta, ruwa ya cinye hanya, amalanke ba ta iya komawa gida. Adaka tana Matankari. Da tsohuwar rigar Baba aka naɗe shi, ya yi arba'in a bukkar gona. Kina dariya kina cewa: "Wanga ɓatan hanya doguwa ta yi, ba ta san Dogon Kiriya ba." Yanzu ya zama ɗan kasuwa a Dutsi, ya tara gemu, ya ɗage wando, ya ce a daina kiransa Abarshi, Abdurrahman yake. Ni dai na ce masa sunan da uwata ta roƙa masa rai da shi ba zan bari ba.

Yanzu bari in zo ga aikina, wanda kika rasu ba ki yarda aiki ne ba. Duk zuwana hutu daga Yamai sai kin tambaya: "Ke wai mine ne aikin naki? Likita ba allura, malama ba 'yan lakwal." Na sha gwada yi miki bayani kina gyangyaɗi da gangan. Yau dai ba ki da hanyar gudu.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, abubuwa suna ta juyewa, wannan ya zama wancan, wancan ya haɗu da wani ya zama na uku. Masu bincike suna zana taswirar waɗannan juye-juye, kibiya daga nan zuwa can, kamar hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanmu. Sai dai kowa da irin zanensa da sunayen da yake sa wa abubuwa, har taswira biyu su yi magana a kan wuri guda ba wanda ya lura. Aikina shi ne in jera taswirorin mutane daban-daban, in sa ordinatar, wato kwamfuta, ta laluba min yankin da ya maimaitu a cikinsu, ko da an sauya masa suna an karkata shi. In ka sami yanki ɗaya a taswira da yawa, to akwai magana a wurin. Shi ke nan aikin. Na san da kina nan cewa za ki yi, wannan ai ko mai saƙa faifai ya san zubi in ya maimaitu.

Bara, bayan rasuwarki, ina gwada wani sabon tsarin lalube da na rubuta, sai na ɗauko taswira uku da ba abin da ya haɗa masu su. Dukansu a kan jan ƙwayar jini suke. Ɗaya tana nuna abin da wani maganin zazzaɓin sauro ke yi mata. Ɗaya a kan launin da ke cikin lalle. Ta ukun a kan sinadarin da ake yin kafur ɗin kasuwa da shi, wanda muke ce wa naftalin a lakwal. Gwaji kawai nake yi, ina shan shayi, hankalina ma yana kan abincin rana.

Na'urar ta ja layi a kan ɗan yanki guda a duk ukun. Wani ɗan zagaye ne na matakai kaɗan, inda ƙwayar jini ke haɗa abin da take kare kanta da shi daga lalacewa. Sauran ƙwayoyin jiki suna da hanyoyi da dama na samun wannan kariya. Jan ƙwayar jini kuwa hanyarta ɗaya ce tak, kamar garin da rijiyarsa ɗaya. Duk abubuwan nan uku rijiyar suke ɗiba. Mai rijiya mai zurfi ba ya ma sanin an ɗiba. Amma akwai waɗanda aka haifa da tasu gajera, su kuwa in aka matsa mata sai ta ƙafe, ƙwayoyin jini su farfashe, idanu su yi ruwan ɗorawa, ciwon shawara ke nan. A jariri, in shawarar ta yi yawa, sai ta hau ƙwaƙwalwa.

Na ci gaba da karanta bayanin da ke gefen taswirar, shayina ya huce. An rubuta cewa wannan rauni gado ne, ta wajen uwa yake bi ya sauka kan ɗa namiji, 'ya'ya mata galibi ɗauka suke yi su wuce da shi gaba. An rubuta cewa ba sai jariri ya ci kafur ba, shaƙa ta isa, tufafin da aka adana da shi ma sun isa. An kuma bayyana kukan, da banƙarewar. Iya, kamar wanda ya rubuta yana tsaye a bakin ƙofarmu ranar tare da matan unguwa.

Ba ni na gano wannan ba, kada masu karatu su ɗora min rawanin da ba nawa ba. Likitoci sun daɗe da saninsa. Ni ma na san sunan naftalin tun ina 'yar lakwal, ban dai taɓa haɗa shi da adakarki ba, don a wurina abin da ke cikin adakarki ƙamshinki ne. Ranar ce kawai labarin ya iso gidanmu. Na tashi na fita waje na tsaya a rana.

Taswira ba shaida ba ce, na san wannan fiye da kowa. Don haka na kira Abarshi. Na tuna masa shekarar da ya sayi maganin zazzaɓi a hannun mai tallan magani a kasuwar Tibiri, ya sha, fitsarinsa ya koma kamar shayi mai kauri, ya kwanta mako ba ƙarfi. Da ya zo Yamai sarin kaya na ja shi aka ɗibi jininsa. Sakamako ya nuna yana da raunin. Rijiyarsa gajera ce kamar yadda nake zaton ta 'yan'uwansa ta kasance. Abin da ya bambanta shi da su, shi an haife shi nesa da adaka.

Ga maganar da na kasa faɗa miki, Iya. Na faɗa yanzu, kuma wallahi ba da zargi na faɗa ba. Kin ga abu yana bin mata yana ɗaukar maza, kuma gaskiya kika gani. Kin nemi abin da za ki tare shi da shi, kika yi amfani da wanda aka ba ki. Ban ce babu iska a duniya ba, ni ba a bakin komai nake ba da zan ce haka. Amma na zauna na tuna hannunki yana daka kafur a ɗan turmin yaji, kina bismilla, kina ƙarawa don so, sai na ji zuciyata kamar za ta tsage. Rashin sani ya fi dare duhu. Har na gode wa Allah da Ya ɗauke ki ba ki ji wannan daga bakina ba.

Sai dai kin bar wasiyya. Ina wurin, ina riƙe da ƙafarki, lokacin da kika jawo hannun yayarki Inna Dije kika ce: "Dije, in Allah ya ba ɗiyan ga namiji, a naɗe shi cikin saƙina, kar a yi rowar kahur." Ta ce ta ɗauka. Kin san Inna Dije, in ta ɗauki abu ko raƙumi ba ya ƙwace shi.

Da cikin Rakiya ya tsufa na ɗauki hutu na taho Matankari. Na tara su a ɗakinki na yi bayani da duk Hausar da nake da ita. Rakiya ta fahimta, ta rungume cikinta tana hawaye. Inna Dije tana saurare, har na ga alamar ta fara tunani. Sai Abarshi ya buɗe baki ya ɓata min miya: "Wagga shirka ta, a sa ma adakar wuta." Ni ina maganar jini, shi ya kawo wa'azi. Nan take fuskar Inna Dije ta rufe. A wurinta mun zama abu ɗaya, yaran zamani da suka haɗa baki su ci mutuncin matattu, ɗaya da littafi ɗaya da na'ura. Ta miƙe tana kakkaɓe zane ta ce: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinai."

Ban bari an ƙona adakarki ba, na ce wa Abarshi sai dai ya haɗa da ni. Amma na buɗe ta, Iya, ba da izininki ba. Na kwashe kafur ɗin duka na zuba a masai. Na fito da saƙin da sauran zannuwan na wanke, na shanya a igiyar bayan ɗaki, rana ta bi ta kansu, iska ta bi. Kafur ba ya fita da wanki ɗaya. Kowace safiya sai in je in sa hancina a saƙin, in ji kina nan, in sake barinsa a rana. Kwana ya yi ta tafiya kina raguwa. Ranar da na shinshina na ji zare kawai da ƙura, na zauna a gindin igiyar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Da hannuna na kore ki daga gidan, haka na ji.

Duk da haka ban yarda a naɗe jariri da shi ba. Na sayo sababbin zannuwa, na hana a sa wa mai jego lalle, na ninke saƙin na mayar adaka. Inna Dije ba ta ƙara cewa uffan ba. Tana ta hidimar itacen wankan jego, tana daka, tana raha da maƙwabta. Na ce a raina ta haƙura. Na manta shiru ma magana ce, na kuma manta kafur ba a adakarki kaɗai yake ba, kowane mai tebur a kasuwar Matankari yana da shi a leda.

Rakiya ta haihu lafiya a matarnite, asibitin haihuwa, aka sallamo su. Iya, da kin gan shi. Goshinki ne sak, har da ɗan taurin kan, in ya kama nono ba ya saki. Na ɗora wa kaina aiki, kullum da hantsi in fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, in buɗe idonsa in duba farin, in danna hancinsa in ga launin da zai bari. Matan da ke zuwa barka suna dariya, wai 'Yar Lakwal ta zama ungozoma. Ina dubawa ina ganin fari, ina cewa alhamdulillahi. Jiya na je Dutsi sayen kayan suna tare da Abarshi, mota ta ɓaci a hanya, ban dawo ba sai bayan magariba. Na leƙa na ga yana barci, ban ɗauke shi ba.

Yau da hantsi na shiga ɗakin, na sunkuya na ɗauke shi, na kai shi ƙirjina. Sai na ji ƙamshinki.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ƙamshin nan na tsorata ba sai yau. Na kwantar da shi a kan gado. Na warware shi, ga saƙinki a ƙarƙashin sabon zanen, an barbaɗe shi da farin gari. A cikin hularsa kuma an ɗinke wani ɗan ƙulli kamar laya. Na fito da shi haske da gudu, na buɗe idonsa. Ruwan ɗorawa ya fara daga gefe.

Inna Dije tana tsaye a bakin madafa da muciya a hannu. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta ce: "Wasiccin ƙanwata na cika. Ni ma so nike ya rayu." Na buɗe baki in faɗa mata maganar da ba a faɗa wa babba, sai na ga idonta, irin naki ne ranar da kika aiki yaro kasuwa. Na haɗiye. Muka tuɓe shi, muka wanke shi, muka sauya masa kaya, Abarshi ya samo mota. Har da ita muka taho, ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya hana ta.

To ga inda muke. An ɗibi jininsa, an kwantar da shi tsirara a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske wadda ke rage shawara, an rufe masa ido da ɗan ƙyalle. Likita ta ce mun yi saurin zuwa, amma ba ta ce ya tsira ba, ta ce a jira a ga inda jinin ya nufa, in ya ci gaba da fashewa sai a wuce da shi Doso. Rakiya tana zaune kusa da shi da jikin jego, ba ta motsi. Inna Dije tana can gindin dogon yaro a tsakar asibiti, an kai mata fura ta ƙi sha, tana jan tasbaha. Abarshi ya daina wa'azi, yana ta kai da kawowa tsakanin ƙofa da taga. Ni kuwa na zauna nan ina rubuta miki, ido ɗaya a kan fitilar kada a ɗauke wuta, kunnena duka a ɗakin. Na san kukan da nake jira. Ya yi kuka ɗazu, na miƙe tsaye, ashe na yunwa ne, mai kauri, irin na kowane jariri. Siririn nan mai tsini bai zo ba tukuna.

Iyata, na saɓa wasiyyarki, kuma in Allah Ya ba ni dama zan sake saɓa ta ga kowane namiji da za a haifa a zuriyarmu. Ki yafe min. Na san abin da kike nufi da ita, shi nake ƙoƙarin cikawa. Saƙinki yana nan cikin leda a ƙarƙashin bencin, na ƙulle bakinta tam, amma har yanzu ina jin ki kaɗan-kaɗan in iska ta kaɗo. Ina kewarki, ina kuma matsar da ledar nesa da ƙofar ɗakin.

Ya Allah, Ka jiƙan Iya Habsu, Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta, ta rungume su ba tsoro. Ka sanyaya zuciyar Inna Dije. Ka tsayar da jinin yaron nan, Ka kai mu ranar da za a raɗa masa suna a kunne.

Na san yadda kika so ki ga jika namiji, Iya. Allah Ya sa ki daɗe ba ki ga wannan jikan ba a can inda kike.

Wassalam. Taki har kullum,
Hamsatu, 'Yar Lakwal